Na yi dariya wata takwas bayan rasuwar 'yata, ko na fara mantawa da ita ne?

Tambaya: "Wata takwas ke nan da rasuwar 'yata, tana da shekara shida. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Makon jiya ina ba shukokina ruwa, sai ƙaninta ya zame ya zauna daɓas a cikin taɓo, na kwashe da dariya. Da na shiga ɗaki sai na ji kamar na ci amanarta. Abin da ke ba ni sauƙi yanzu ƙananan ayyuka ne, wanki, shara, shuka, amma da dare kuka nake kamar jiya ta rasu. Wasu sun ce na yi saurin warwarewa, wasu sun ce na kasa haƙuri. Mijina kuwa ko sunanta ba ya ambata. Ni dai na rasa inda nake."

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da dariyar, tunda ita ce ta sa kika rubuto. A shekarun da na yi ina zama da iyayen da suka binne 'ya'yansu, da wuya in tambayi uwa ko uba ranar da suka fara dariya bayan rashin su ce sun manta. Suna tuna wurin, suna tuna abin da ya jawo ta, kuma yawanci da kai a sunkuye suke ba da labarin, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali. Wani uba ya gaya min bayan tasa dariyar kwana biyu ya yi bai sa komai a bakinsa ba, wai don ya hukunta kansa. Ban taɓa ganin wanda dariya ta mantar da shi ɗansa ba. Ke ma shaidarki tana cikin abin da kika rubuto: wadda ta fara mantawa ba ta kwana kuka.

A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka fitar da wani bayani da har yau masu irin aikinmu suke dogara da shi. Sun lura cewa mai jimami tsakanin wuri biyu yake kai-kawo. Wani lokaci yana fuskantar rashin kai tsaye, yana kuka, yana begen mamacin, yana kallon hotuna. Wani lokaci kuma sai ya juya ga rayuwar da ta rage, ya yi aiki, ya kula da na raye, ya ɗan shagala. Abin da suka ce shi ne lafiyar tana cikin kai-kawon kansa. Wanda ya maƙale a ɓangare guda shi ne abin tsoro, ko dai wanda ba ya iya fita daga ɗakin kuka, ko wanda ya cika kowane minti da hidima don kada tunani ya riske shi. Ki dubi mai dakon kaya a tafiya mai nisa: in ya sauke ya huta a inuwa, ba wanda zai ce ya yar da kayan. Saukewar ce ke ba shi ƙarfin sake ɗauka. Wankinki da shararki inuwa ce. Kukan dare kuma ɗaukar kayan ne. Duka biyun aiki ɗaya suke yi.

Kuma ba banza ba ƙananan ayyuka ne suke ba ki sauƙi, alhali manyan maganganun ta'aziyya sau da yawa ba sa shiga. Rasuwar ɗa tana rusa wani abu a can ƙasan zuciyar uwa, wato jin cewa hannunta yana iya kare abin da take so. Kin yi iya ƙoƙarinki kwana huɗu, abin ya fi ƙarfinki. Bayan irin wannan, duniya takan zama wurin da ƙoƙari ba ya da sakamako. Sai ga wanki: kin jiƙa, kin cuɗa, kin shanya, ya bushe. Yana da farko, yana da ƙarshe, hannu ya san shi ba sai hankali ya tsaya a kai ba. Shuka kuwa ta fi haka. Shekara shida kina tashi da safe da wata halitta da ke jiran kulawarki, ranar da ta tafi kulawar ba ta tafi da ita ba, tana nan a hannuwanki ta rasa inda za ta sauka. Na ga iyaye da yawa sun kama shuka ko kiwon ɗan tsuntsu bayan rashi ba tare da kowa ya ba su shawara ba. Ni ba na ganin abin mamaki a ciki.

Akwai wani aikin kuma da rayuwar yau da kullum take yi miki a ɓoye, ko da yake shi da zafi yake zuwa. Ƙwaƙwalwa tana rayuwa ne da sabo. Dubban ranaku ta koyi cewa a lokaci kaza yarinyar za ta shigo, a wuri kaza takalmanta suke, muryarta daga wane ɗaki take fitowa. Labarin mutuwa rana ɗaya ya zo, sabon kuwa ba ya gogewa rana ɗaya. Shi ya sa lokacin tashi daga makaranta kunnenki yake kasa jin tafiyarta, ko ki hango yarinya mai tsayinta daga baya gabanki ya faɗi, ko ki ji kamar ta kira ki. Iyaye da dama suna ɓoye wannan don tsoron a ce sun taɓu. Ba taɓuwa ba ce, abu ne sananne ga masu jimami. Wata mai bincike a Amurka, Mary-Frances O'Connor, ta daɗe tana nazarin ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa rashi, kuma ta kwatanta jimami da koyo: kowace safiyar da kika tashi babu ita darasi ne guda, kuma darasin ba ya zama sai da maimaici. Wannan koyon a cikin hidimar gida ake yin sa, ba a samun sa a zaune cikin duhu.

Masu cewa kin kasa haƙuri suna da wani lissafi a kansu, cewa baƙin ciki yana da zango-zango da wa'adi. Har a tsakanin masu ilimi wannan ya yaɗu, musamman ta hanyar matakai biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969: musu, fushi, ciniki, ƙunci, sallamawa. Abin da ake mantawa shi ne ta tsara su ne daga hirarta da marasa lafiyar da ke fuskantar tasu mutuwar, kuma binciken da ya biyo baya bai nuna masu jimami suna hawa su ɗaya bayan ɗaya kamar tsani ba. Mutum yakan sallama da safe ya yi fushi da yamma. Game da tsawon lokaci kuwa, a Suwidin an bi sawun iyaye fiye da 400 da ciwon daji ya kashe musu 'ya'ya. Shekara huɗu zuwa shida bayan rashin, damuwa da ƙuncin rai sun fi yawa a cikinsu a kan iyayen da ba a yi wa rashi ba. Sai a shekara ta bakwai zuwa ta tara bambancin ya yi ƙasa sosai. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. So nake ki ga inda wata takwas yake a kan wannan ma'auni. Kina bakin hanya ne. In kuma shekara ta biyu ta zo miki da nauyin da ya fi na farko, kada ki ce kin koma baya. Da yawa haka suke faɗa min, domin a lokacin ɗimuwar ta wuce, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gaskiyar ta zauna.

Akwai labarin da nake yawan tunawa. Sigmund Freud, likitan Ostiriya da ya yi suna a nazarin zuciya, ya wallafa a 1917 cewa aikin jimami shi ne mutum ya kwance igiyar da ta ɗaure shi da mamaci ya samu 'yanci. A 1920 annobar mura ta kashe 'yarsa Sophie tana da shekara 26. Shekara tara bayan haka ya rubuta wa wani abokinsa likita da shi ma ya rasa ɗa, ya ce masa zafin farko zai lafa, amma ba za a taɓa samun madadi ba, duk abin da ya cike gurbin wani abu ne dabam, kuma haka ya kamata ya kasance, domin ta nan ne soyayyar take ɗorewa. Wato abin da ya rubuta yana masani, rayuwa ta gyara masa shi yana uba. A 1996 wani masanin jimami a Amurka, Dennis Klass, da abokan aikinsa suka tattara shaidar da ta nuna hakan a fili: iyayen da suka samu sauƙi ba yanke alaƙa suka yi da 'ya'yansu ba, siffar alaƙar ce ta sauya. Suna ambaton sunan, suna yi musu addu'a, suna lissafa shekarun da da sun kai.

Ni ba malama ba ce, amma tunda da kalmar haƙuri ake dukan ki, ya kamata a duba ta. Annabi Muhammadu (SAW) 'ya'ya shida daga cikin bakwai ya rasa yana raye. Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da watanni. Lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa ya ɗauke shi, idanunsa suna zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Annabi Yaƙubu kuwa, wanda ya ce zai yi haƙuri mai kyau, shi ne dai wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, shekaru suna wucewa. Ashe haƙuri da hawaye suna zama a ƙirji ɗaya. Yawancin masu cewa "ki daina kuka" ba mugunta ce ke sa su ba, kukan ne yake tayar musu da hankali, sun rasa abin yi. Haka masu cewa "Allah zai ba ki wata". Alheri suke nufi, amma ke kin san wata ba ita ba ce. Ba dole ki yi musu bayani ba. "Na gode, a taya ni da addu'a" ta isa ta rufe zancen.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, amma na hango shi a tsakanin layukanki. Kin ce "zazzaɓi ne na kwana huɗu". Iyayen da suke ƙirga kwanakin haka galibi suna komawa cikinsu da dare, ɗaya bayan ɗaya. Da na kai ta tun ranar farko. Da na sauya asibiti. Da ban yi barci ba a daren nan. In haka ne, ina zargin kunyar dariyar daga nan ta samo tushe: wanda yake ganin shi ne sanadi ba ya ganin ya cancanci minti guda na daɗi. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Ke ta yau kin san yadda kwana na huɗu ya ƙare, kina kama matar ranar farko da laifi, alhali ita zazzaɓi kawai ta gani, irin wanda yarinyar ta sha yi ta tashi. Cewa "ba laifinki ba ne" ba ya cika aiki, na sani, don zuciya tana da amsa a shirye. Abin da na ga ya fi taimako shi ne a fito da tuhumar daga duhu. Ki rubuta ta dalla-dalla. In da hali ki nemi zama da likitan da ya duba ta ko wani likitan yara, ki tambaye shi kai tsaye me ya faru a jikinta, me aka iya sani a wane lokaci. Ko amsar ta zo da ɗaci, abin da aka sani ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ake saƙawa ana kwancewa da tsakar dare.

Mijinki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska takan yi ƙarya. Ubanni da yawa sun gaya min suna jiran su keɓe ne su yi nasu kukan, kuma ba sa ambaton sunan don gudun kada su fama wa matar ciwo. Ita kuma tana fassara shirun da rashin damuwa. Kowa yana kare ɗan'uwansa, kowa yana kaɗaici. Wataƙila kin ji ana cewa yawancin aure ba ya rayuwa bayan mutuwar ɗa, har ana ambaton 90 cikin 100. Wannan adadi ba shi da bincike a bayansa. Ƙungiyar iyayen da suka rasa 'ya'ya mai suna Compassionate Friends, wadda aka kafa a Ingila a 1969, ta yi ƙidaya a 2006 ta samu 16 cikin 100 ne suka rabu. Rashin yana girgiza aure, babu musu, amma yawancin gidaje suna tsayawa. Shawarata kada ki zaunar da shi ido cikin ido ki ce ya buɗe zuciyarsa, zai ƙara rufewa. Ki same shi kuna gefe da gefe, kuna tafiya ko hannu yana wani aiki, ki saki ƙaramar magana: "Yau na tuna yadda take ɓoye maka takalmi." Ki yi shiru. Ko bai amsa ba, ya ji cewa sunan bai haramta ba. Ki kuma gaya masa sau ɗaya a fili cewa jin sunanta daga bakinsa sauƙi ne a wurinki, ko da kin yi kuka.

Ƙanin nan da ya zauna a taɓo shi ma an yi masa rashi, har kashi biyu: yayarsa, da mahaifiyar da ya sani kafin abin ya faru. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba su cika gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, shi ya sa za ki ji ya sake tambayar yaushe za ta zo. A gaya masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi, ta rasu, ba za ta dawo ba, ba kai ka jawo ba. A guji cewa ta yi tafiya ko tana barci, don yaro zai iya fara tsoron barci ko tsoron duk wanda ya fita. Kuma ki tuna fuskarsa lokacin da kika yi dariyar. Mai yiwuwa wata takwas yake dakon ta.

Sai dai akwai inda ƙananan ayyuka ba sa isa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince da abin da ake kira jimami mai tsawaita: begen mamaci mai tsanani da ke cinye yini, ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da aka saba gani a al'ummar mutum, har ya hana shi tafiyar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sai bayan wata 12 suke sa wannan suna ga babba. Ma'aunin ba yawan hawaye ba ne. Abin dubawa shi ne ko kai-kawon ya tsaya. Daga abin da kika rubuto, naki yana tafiya. Amma in kika ga makonni suna wucewa shukar ma ta daina ba ki komai, ba ci, ba barci, ba ki iya kula da yaron, ko kina neman maganin barci da abin gusar da hankali don ki kai safe, to a ga likita. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre. Tsarin zama sau 16 da likitar ƙwaƙwalwa Katherine Shear ta gwada a Amurka a 2005 ya taimaki kusan rabin waɗanda suka bi shi. Ƙwayoyin ciwon damuwa suna taimakon damuwar in ta haɗu da jimamin, amma ba sa cire bege. Haka nan "ina ma in gan ta" magana ce da kusan kowace uwa take yi. In ta rikiɗe ta koma tunanin yadda za ki kashe kanki, ranar ki gaya wa wani na kusa, ranar a tafi asibiti. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi ma kada a ce ai baƙin ciki ne a zauna. Baƙin ciki mai tsanani yana taɓa zuciyar nama da gaske.

Ranaku masu wuya suna tafe, ranar haihuwarta, ranar da shekara za ta zagayo, ranar da sa'o'inta za su koma makaranta da sababbin kaya. Yawanci kwanakin da ke gabanin ranar sun fi ranar kanta nauyi. Ki yanke tun da wuri abin da za ki yi da wanda kike so ya kasance kusa, ki kuma bar wa kanki damar fasawa. Kayanta ba su da wa'adi. Kada kowa ya kwashe su a bayan idonki da sunan taimako, kuma ranar da kika ji kina son bayar da wasu, ki ajiye abin da hannunki ya ƙi saki.

Sannan akwai tambayar da za ta riƙa tare ki a inda ba ki zata ba: 'ya'yanki nawa? Uwaye da yawa sun ce min nan ne harshe yake sarƙewa, in sun ce ɗaya su ji sun binne ta karo na biyu, in sun ce biyu sai bayani ya biyo. Ki tanadi amsa tun a gida, ki faɗe ta da baki sau biyu sau uku har ta saba da harshenki. "Biyu ne, babbar ta rasu" ta wadatar. Ranar da ba ki da ƙarfin ganin fuskar mai tambaya ta sauya, ki ce "ga ɗaya nan" ki wuce, gobe shukokin suna jiran ruwa.